Kayan da Ba a Jerawa a Ɗakin Amarya

Jawabi ga iyaye mazauna bakin iyakar Nijar da Nijeriya kan allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa



Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa. Allah ya gafarta malamai. Iyayena maza da mata, 'yan'uwana na wannan ɓangaren iyaka da na wancan, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka ajiye aikin gona da kasuwa da na gida kuka ba ni aron hankalinku.

Ni ungozoma ce. Na daɗe ina karɓar haihuwa a wannan yanki namu, inda ake ɗaura aure a Jibiya a kai amarya Maraɗi, inda mace kan yi awo a Magarya ta tafi goyon ciki Daura. Auratayya ta haɗa mu, kasuwa ta haɗa mu, don haka cutar da ta shiga gida a can ba ta neman izinin jami'in iyaka kafin ta iso nan.

Maganar da na zo da ita tana da nauyi a baki, musamman a gaban iyaye da surukai, saboda haka ina neman afuwa tun daga farko. Sai dai Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kunyar da muke ji a kan wannan magana ta riga ta ci rayukan mata masu yawa.

Matar da ba na mantawa

Shekarun baya an kawo mini wata baiwar Allah mai 'ya'ya bakwai, shekarunta ba su wuce 40 ba. Fiye da shekara guda tana ganin jini kaɗan-kaɗan, ta ɗauka al'ada ce ta rikice mata. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta sayi ƙwayoyi a hannun masu yawo da magani. Daga baya wani ruwa mai wari ya fara zubo mata. Ta daina zuwa biki da suna, ta daina zama cikin mata, kullum ɗakinta cike da hayaƙin turaren wuta don kada 'ya'yanta su ji. Ba ta gaya wa maigidanta ba sai da ciwon baya ya hana ta daka.

Da na duba ta na san abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibitinmu, aka tura ta babban birni. Mijinta ya sayar da shanun nomansa, ita kuma ta sayar da abin da ya rage na kayan ɗakinta. Likitoci suka ce an zo a makare. Aka dawo da ita gida, ba ta ga kakar wannan shekara ba. Allah ya jiƙanta.

Tana da shekara 14 aka yi mata aure, kuma miji ɗaya ta sani har ta koma ga Mahaliccinta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ranar da na je gaisuwa na tarar da 'yarta mai shekara 11 tana dama wa ƙannenta kunu. A wancan lokaci ba ni da abin da zan ba yarinyar sai addu'a. Yau akwai allura guda ɗaya da aka yi domin irinta, kuma ita ce ta tara mu a nan.

Mece ce wannan cuta?

Mahaifa tana da baki, wato ƙofar da ke kulle tsawon wata tara tana riƙe da jariri, ta buɗe ranar naƙuda. A wannan ƙofa cutar take zama. Wasu suna ce mata sankarar bakin mahaifa, wasu ciwon daji, wasu kansa. Kada a haɗa ta da sanƙarau mai kama wuya lokacin zafi, suna ne kawai ya yi kama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kusan 660,000 suka kamu da ita a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu da masu matsakaicin ƙarfi. A Nijeriya kaɗai, a 2020, an ƙiyasta sababbin masu ciwon 12,000 da mace-mace 8,000. In kun raba 8,000 a kan kwanakin shekara, za ku ga kusan mata 22 ke nan kowace rana ta Allah.

Sanadin kusan dukkan wannan sankara wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, likitoci suna ce mata HPV. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙarta da cutar a farkon shekarun 1980, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a kan haka a 2008. Ƙwayar tana da iri fiye da 200, amma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa.

Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar haɗuwar jiki wajen saduwar mace da namiji. Ta yawaita har masana suna cewa mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa za su gamu da ita wani lokaci a rayuwarsu, ba tare da zazzaɓi ko wata alama ba. Cikin ikon Allah, a kusan mutum 9 cikin 10 garkuwar jiki kan kore ta cikin shekara biyu. Matsalar tana ga wadda ƙwayar ta zauna mata. Sai ta riƙa sauya ƙwayoyin halittar bakin mahaifa a hankali, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki alhali ɗaki yana tsaye lafiya a ido. Yawanci sai an shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ga mace mai ɗauke da cutar ƙanjamau, wato sida, wadda ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa, kuma haɗarin masu wannan cuta ya ninka na sauran mata sau shida.

Ke nan matar da na ba ku labarinta, mai yiwuwa tun tana cikin shekarun amarcinta aka shuka abin da ya kashe ta.

Me allurar take yi, kuma don me sai 'yan shekara 9 zuwa 14?

Babu ƙwayar cuta mai rai a cikin allurar, babu ma matacciya. Masana sun ƙera wani abu mai kama da rigar ƙwayar, fanko ba kome a ciki, kuma wadda ake yi a Nijeriya, mai suna Gardasil, da yis ake sarrafa ta, dangin wanda ake sa wa burodi. In aka yi wa yarinya, sai garkuwar jikinta ta ga rigar ta gane kamannin ɓarawo, ta tanadi makamai. Ranar da ƙwayar gaske ta zo, ko bayan shekaru ne, sai ta tarar da masu gadi a farke. Wannan allura tana kare mutum daga iri huɗu: 16 da 18 masu kawo sankara, da 6 da 11 masu kawo ƙuraje masu tsiro a al'aura.

Allurar tana hana ƙwayar shiga, amma ba ta fitar da wadda ta riga ta shiga. Dalili na farko ke nan da ya sa ake yin ta tun kafin aure. Na biyu, jikin yarinya ƙarama ya fi na babba ƙarfin amsa ta. An ga haka ƙarara a Ingila, inda aka fara yi wa 'yan mata a 2008. Binciken da aka fitar a 2021 ya nuna cewa sankarar ta ragu da kashi 87 cikin 100 a cikin waɗanda shirin ya riska suna da shekara 12 zuwa 13. Ga 'yan shekara 14 zuwa 16 raguwar kashi 62 ce, ga 'yan 16 zuwa 18 kuwa kashi 34. Allura iri ɗaya ce, ƙasa ɗaya ce, jinkiri ne ya kawo bambancin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ya fi shafar mu fiye da Ingila. Alƙaluman asusun UNICEF sun nuna cewa a Nijar kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin shekara 15, kuma kun san yadda abin yake a ƙauyukanmu na ɓangaren Nijeriya. Ban zo yau don muhawara kan lokacin aure ba. Abin da nake nuna muku shi ne, damar da 'yarku take da ita gajeriya ce, kuma a gidanku take ƙarewa. Uban da ya ce bari ta ƙara girma tukuna, yana iya farkawa ya ga an riga an sa rana.

Da farko allura uku ake yi, aka koma biyu. Bayan bincike a ƙasashe irin su Kenya da Tanzaniya da Indiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2022 cewa guda ɗaya tana bayar da kariya mai ƙarfi ga yarinya mai lafiya. Nijeriya ta fara a ranar 24 ga Oktoban 2023 da jihohi irin su Kano da Jigawa da Kebbi, sannan a watan Mayun 2024 aka kai Katsina da Sakkwato da Zamfara da sauran jihohi.

Tsoronku yana da asali

Na san abin da ake faɗa a majalisa da bakin rijiya, da abin da ake turowa ta WhatsApp. Ba zan ce wa mai shakka jahili ba, domin na san inda shakkar ta samo tushe. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara, yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne sanadi, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Uban da ya tambayi abin da za a sa a jikin 'yarsa ya yi abin da ya wajaba a kansa.

Amma mu tuna ɗaya labarin. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman da Indonesiya, yara da yawa suka gurgunce, kuma wasunsu kuna ganin su a tashoshinmu a kan kekunan guragu. Da sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin, aka ci gaba da ɗiga maganin, har aka tabbatar a ranar 25 ga Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yaran da aka ɗiga wa maganin a waɗancan shekaru, su ne yau suke zuwa mana awo da ciki, wasu goye da na biyu. Haka kuma allurar sanƙarau da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ta kusan kawar da irin da ya fi yi mana kisa a da.

Darasin labarin farko shi ne a yi tambaya. Darasin na biyu shi ne a saurari amsa. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi mini.

Shin tana hana haihuwa?

A'a. An fara amfani da allurar a 2006, kuma ƙasashen da suka ƙera ta su suka fara yi wa 'ya'yansu. Ostareliya ta fara a 2007, shekara 16 kafin ta iso Nijeriya. Ruwanda ta fara a 2011, ta yi wa fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan matan da aka nufa, kuma yau waɗannan yara sun zama mata masu gidajensu. Kwamitin masana da ke sa ido kan lafiyar alluran rigakafi a Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba ta sau da yawa. Zuwa 2017 an riga an raba allurai fiye da miliyan 270, kuma binciken da ya biyo baya bai sami wata alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba.

Abin da na tabbata yana hana haihuwa shi ne sankarar kanta. Macen da ta kamu, maganinta sau da yawa shi ne a cire mahaifar gaba ɗaya, ko a gasa wurin da na'ura, wanda ke kashe ƙwan haihuwa. Wanda yake son ya ga jikoki, allurar nan tana ɓangarensa.

Ƙasar Japan ta gwada sauraren jita-jita. A 2013 gwamnatinta ta daina ƙarfafa wa iyaye yin allurar saboda rahotannin da suka tayar da hankali, masu karɓa suka faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Bincike bai tabbatar da zargin ba, gwamnati ta dawo da shirin a 2022, ta shiga neman 'yan matan da aka tsallake bayan mafi kyawun lokacinsu ya wuce.

'Yata mai tarbiyya ce, me za ta yi da ita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi a zuciyar iyaye, ko da ba su furta ba. Suna jin kamar kai yarinya wannan allura zargi ne a kan tarbiyyarta. Ku tuna matar da na fara da labarinta. Ƙwayar HPV tana shiga ɗakin aure na sunna kamar yadda take shiga ko'ina, domin namiji yana iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba. Mu jama'a ne masu aure da yawa. Namiji yana da mata biyu ko uku ko huɗu. Aure kan mutu, miji kan rasu, bazawara ta yi wani auren, bazawari ya auri budurwa. Duk halal ne, babu wanda ya saɓa wa Allah, amma ƙwayar tana bin wannan sarƙa daga ɗaki zuwa ɗaki. Kana iya shaidar tarbiyyar 'yarka, amma ba ka san wanda mijinta zai aura bayanta ba, ba ka kuma san wanda abokiyar zamanta ta taɓa aura ba.

Wasu kuma suna tsoron allurar za ta buɗe wa yarinya ido. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada an bi bayanan 'yan mata fiye da 260,000, ba a ga ƙaruwar ciki ko cututtukan saduwa a cikin waɗanda shirin ya shafa ba. Mu ma hankali zai gaya mana haka. Muna yi wa yaro allurar tetanus, ba mu taɓa ganin ya tafi neman ƙusa ya taka ba. Abin da ke tsare yarinya shi ne tarbiyyar gida da tsoron Allah, kuma allura a dantse ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Don me kyauta, don me mata kawai?

Kuna cewa maganin zazzaɓin cizon sauro sai da kuɗi, amma wannan ana bin mu da ita har gida. Ƙorafin rashin magani a asibitocinmu gaskiya ne, ni ma ina yin sa. Allurar kuwa akwai masu biyan kuɗinta: gwamnati tare da ƙawancen Gavi, wanda ke tallafa wa alluran yara da kuka saba da su. Lissafin a fili yake. Injin gasa sankara sai a manyan birane irin su Yamai da Zariya da Sakkwato, kuma daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Kuɗin jinyar mace ɗaya zai yi wa 'yan mata masu yawa rigakafi.

An fara da mata ne domin su cutar ta fi kashewa, allurar kuma ba ta wadaci duniya ba. Ƙwayar tana jawo wa maza ma sankarar maƙogwaro da ta gaba, shi ya sa ƙasashe masu hali suke yi wa 'ya'yansu maza: Ostareliya tun 2013, Ingila tun 2019.

Addini fa, da ƙaddara?

Wannan fagen malamai ne, sun fi ni sani. Zan dai tunatar da labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, ya kuma fahimtar da masu tambaya cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddarar Allah. Ƙasashen Musulmi da dama sun karɓi allurar: Malesiya tun 2010, Senegal a 2018, Indonesiya da Bangladesh a 2023, Saudiyya ma tana yi wa 'yan matanta.

Akwai kuma maganar da muka gada cewa daji ba ya son allura. Wannan zance ya samo asali ne daga masu zuwa asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsu, in suka rasu sai a ɗora wa allura laifi. Ita wannan allura ma mai lafiya ake yi wa, tun babu ciwon.

Abin da za ku gani ranar allura

Ana yin ta a dantse. Ku ba yarinya abinci kafin ta fito. Bayan an yi mata, ta zauna minti 15, domin wasu 'yan mata kan ji jiri ko su suma saboda fargabar allura, kuma yana wucewa nan take. Wurin kan yi ciwo ko ɗan kumburi kwana ɗaya ko biyu, wata kan ji ciwon kai ko ɗan zazzaɓi. Mummunan rashin jituwa da jiki, irin mai toshe numfashi, bai kai mutum biyu cikin miliyan ba, kuma saboda shi ne ake zaman nan a gaban ma'aikata masu maganinsa a hannu. In kun ga abin da bai kwanta muku ba bayan kun koma gida, ku dawo mana da ita, hakkinku ne.

Jinin al'ada ba ya hana allurar. Mai zazzaɓi mai zafi a jira ta warke. Mai ciki a jira ta haihu. Yarinyar da aka riga aka aurar, in tana cikin shekarun, a kawo ta, domin mai yiwuwa ba ta gamu da dukkan ire-iren ƙwayar ba. Mai ɗauke da ƙanjamau tana buƙatar allura biyu ko uku, ku sanar da ma'aikaci a asirce.

Kada ku karɓi wannan allura daga mai yawo da magani ko ɗan kasuwa. Tana buƙatar sanyi tsakanin awo 2 zuwa 8, in rana ta buge ta ko ta daskare ta lalace. A ɓangaren Nijeriya ku je asibitin gwamnati mafi kusa, kyauta ce. A ɓangaren Nijar ku tambayi gidan likitan unguwarku tsarin da hukuma ta yi wa gundumarku. Ku tabbata an rubuta a kati, ko karne, ku adana shi, in aure ya tsallakar da ita iyaka ta tafi da abinta.

Kuma kada a tsaya ga 'yan makarantar boko ko lakwal. 'Yar talla, da 'yar makarantar allo, da 'yar riƙo, da marainiyar da ke hannunku, da yarinyar da ke muku aiki, su aka fi mantawa, kuma su aka fi saurin aurarwa.

Ku ma, iyaye mata

Ke da kika wuce shekarun allura, akwai naki rabon. Tunda cutar tana ɗaukar shekaru kafin ta nuna, ana iya gano ta tana kan hanya. Daga shekara 30, ko 25 ga mai ƙanjamau, ki je a duba bakin mahaifarki. A wurare da yawa ruwan binega ake shafawa, in akwai wurin da ya fara sauyawa sai ya yi fari, a ƙona shi da zafi ko sanyi cikin 'yan mintoci, ki koma gida a ranar. Yarinyar da aka yi wa allura ita ma za ta buƙaci wannan dubawa in ta girma, domin allurar ba ta rufe kowane iri ba.

In kina ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, kada ki jira. Ku kuma magidanta, in iyalinku ta nemi izinin zuwa, ku ba ta, ku haɗa mata da kuɗin mota.

A watan Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta: zuwa 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allura kafin shekara 15, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu ciwon magani. A Janiba aka rubuta, amma a zauren gidanku za a cika shi ko a kasa.

Kammalawa

Iyayena, na san yadda kuke shirya wa 'ya mace. Tun ba ta san kanta ba uwa take shiga adashi, tana sayen kwano ɗaya yau, tasa ɗaya gobe, tana turawa ƙarƙashin gado. Uba yana kiwon rago da tunanin gado da katifa. Ba wanda ya taɓa cewa wannan tanadi ya yi wuri, ko zai sa yarinya ta lalace. Duk kayan nan suna tsufa, kuma na ga an fitar da su an sayar a ranar jinya. Allurar nan ita ce kayan da ba a jerawa a ɗaki, 'yan ganin jere ba za su gan ta ba, amma za ta bi 'yarku duk gidan da Allah ya kai ta.

Yarinya mai shekara 10 ba ta da ikon kai kanta. Izinin yana hannunka, maigida. Rakiyar tana hannunki, uwa. Ke kuma kaka, kalmarki ɗaya tana iya buɗe ƙofa ko ta rufe ta. In kuka yi shiru har lokaci ya wuce, shirun ma hukunci ne, kuma wadda za ta ɗauki nauyinsa ita ce yarinyar, bayan shekara 20 ko 30, lokacin da wataƙila ba ma raye balle mu ba ta haƙuri. Da na sani ƙeya ce.

Roƙona gare ku ƙarami ne. Yau da dare, bayan sallar isha'i, ku zauna ku ƙirga 'yan matan gidanku masu shekara 9 zuwa 14. Wanda yake da sauran tambaya ya zo ya same mu, ya zo da malaminsa in yana so, za mu nuna masa kwalbar ya karanta da idonsa. Wanda zuciyarsa ta natsu, ya kawo su a wannan mako.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan matan da wannan cuta ta ɗauke. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.